Tambaya da Amsa: Gansakuka ta lulluɓe min murjani

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da tankin kifin ruwan gishiri mai cin lita 200, wata biyar ke nan da kafa shi. Akwai kifi shida a ciki da murjani masu rai 'yan kaɗan. Tun watan da ya wuce wata koriyar gansakuka mai kama da gashi ta tsiro a kan duwatsun, yanzu har ta fara hawa kan murjanin, ga kuma wata ja mai yauƙi da ta shimfiɗu a kan yashi. Da ruwan bohol nake dama gishirin, fitila tana kunne tun safe har bayan isha'i, kifin kuma sau uku nake ba su abinci a rana. Na gwada ruwan, naitiret da fosfet duk sifili suka nuna. Mai shagon da nake sayayya ya ce akwai maganin da zan zuba ta mutu cikin kwana biyu. In saya? Daga mai karatu a Abuja.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kar ka saya tukuna. In ma har ka riga ka saya, duba jikin kwalbar da kyau. Wasu magungunan gansakuka da ake yi don tankin ruwan daɗi akwai sinadarin jan ƙarfe a cikinsu, shi kuwa ɗan kaɗan ɗinsa ya isa ya kashe murjani da dodon koɗi da jatan lande. Yana kuma maƙalewa a jikin dutse ya daɗe bai fita ba. Ko da maganin na ruwan gishiri ne, gansakukar da ya kashe a cikin tankin za ta ruɓe, ta mayar wa ruwan duk abin da ta ci, bayan 'yan makonni wata ta taso.

Sifilin da gwajinka ya nuna kar ya ruɗe ka. Naitiret da fosfet taki ne ga gansakuka, kamar yadda ciyawa ke rigan shuka cin takin gona. Suna fitowa daga kashin kifi da ragowar abinci, ita kuma tana shanye su nan take, shi ya sa kwalbar gwaji ba ta samun komai a ruwan. Tsiron da kake gani a kan dutsen nan shi ne shaidar takin yana nan.

Ni inda hankalina ya fi tsayawa a wasiƙarka shi ne ruwan bohol. Ruwa yana iya zama garau, mai daɗin sha, amma yana ɗauke da naitiret da fosfet da silikat. Kuma ka lura da wani abu: ruwan da zafi ke ƙafarwa daga tankinka shi kaɗai yake tashi sama, ya bar gishiri da duk sinadaran da ya zo da su. Duk ranar da ka cike gurbin da ruwan bohol, ka ƙara taki ke nan a kan na jiya. A zafin Abuja na watan Maris da Afrilu, ba ƙaramin ruwa ke ƙafewa ba. Ka nemi na'urar tace ruwa ta RO/DI da ɗan ma'aunin TDS mai auna yawan sinadaran da suka narke a ruwa, wanda bai wuce girman biro ba. Ruwan da ya fito daga na'urar ya kamata ya nuna 0, ko 1 in ya yi yawa. Da shi za ka dama gishiri, da shi za ka riƙa ciko, kuma ciko da ruwa zalla ake yi, ba da mai gishiri ba. Fiya wata ba zai maye gurbinsa ba sai ka gwada ka gani. Ma'aunin gishirin ya tsaya tsakanin 1.025 da 1.026.

Sai abinci. Sau uku ya yi wa kifi shida yawa a lita 200. Ka mayar da shi sau ɗaya ko biyu, gwargwadon abin da za su cinye cikin minti biyu. In daskararren abinci kake ba su, narkar da shi a kofi ka tsiyaye ruwan kafin ka zuba. Fitila kuma ta koma awa takwas, in kuma rana na shigowa ta taga ta haska gilashin, sa labule. Amma kar ka kashe ta gaba ɗaya na tsawon lokaci, domin shi kansa murjanin akwai wata ƙwayar gansakuka da ke zaune a cikin tsokarsa, ita ke sarrafa haske ta ciyar da shi.

Abu biyu ne ke hana gansakuka cin ƙarfin murjani, ƙarancin taki da kuma samun masu kiwonta, wato dabbobin da ke cin ta, kuma a teku ma an ga abin da ke faruwa in ɗaya ya kauce. A gaɓar Kaneohe da ke Hawai, ƙazamin ruwan gari da ake zubarwa ya sa wata koriyar gansakuka ta rufe murjani. Da aka karkatar da magudanar a 1977 da 1978, sai ta ja baya, murjani ya fara farfaɗowa. A tekun Karibiyan kuwa masu kiwon aka rasa. A 1983 wata cuta ta ɓulla daga wajen Panama ta faɗa wa bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi da ake kira Diadema, ta kashe fiye da kashi 90 cikin 100 nata. A Jamaika an riga an kame kifayen da ke cin gansakuka, guguwa ma ta yi ɓarna a 1980, to da bushiyar ta tafi sai ya zama babu mai kiwo. Murjanin da ya rufe kusan rabin duwatsun gaɓar a ƙarshen shekarun 1970 ya koma ƙasa da kashi 5 cikin 100 a farkon shekarun 1990.

Ba ka ambaci ko dodon koɗi ɗaya a tankinka ba, kuma ina zaton babu. Ka fara da nau'in da ake kira Trochus kamar guda takwas zuwa goma. Na fi son shi a kan Astraea saboda in ya faɗo ya kife yana iya miƙewa da kansa, shi kuwa Astraea sai ka sa hannu ka juya shi, in ba haka ba ya mutu a nan ya ƙara ɓata ruwa. Ƙaramar bushiyar teku guda ɗaya ma tana aiki sosai. Kifin tang da za a ce maka yana cin gansakuka, gaskiya ne yana ci, amma tankinka ya yi masa kaɗan.

Sai dai dodon koɗi ba ya cin doguwar gansakuka, sai ka rage masa tsawonta. Ranar canjin ruwa, kashe fanfunan tankin, ka riƙe mesa a hannu ɗaya, da ɗayan ka kama gashin tun daga tushe, ka murɗa ka cire, bakin mesar na kusa don ya zuƙe ɓurɓushin da ya warwatse. Dutsen da ke ɗaguwa, fito da shi ka goge da burushin haƙori a cikin bokitin tsohon ruwan tankin, ka mayar. Sa safar hannu. Kuma don Allah kar ka taɓa dafa dutse ko zuba masa tafasasshen ruwa: wasu nau'o'in murjani masu laushi, irin su Palythoa, suna da dafi mai tsanani, tururinsa ya sha kai mutanen gida guda asibiti. Kashi 10 cikin 100 na ruwan za ka riƙa canzawa duk mako.

Jan abin da ke kan yashi kuwa ba gansakuka ba ce ta sosai, ƙwayoyin bakteriya ne da ake kira sayano. Za ka ga ƙananan kumfa a ƙarƙashinsa da yamma, in ka hura masa ruwa ya ɗago kamar fata. Inda ruwa ba ya motsi yake so, saboda haka ka juya fanfo ya riƙa kaɗa wurin, ka zuƙe shi da mesa. In ana yawan ɗauke muku wuta, fanfo da na'urar kwashe kumfa mai fitar da dattin ruwa su ne farkon abin da za ka haɗa da inbata, kafin fitila. Zafin ruwan ya tsaya wajen digiri 25 zuwa 26, ƙaramar fanka a saman ruwan tana taimakawa.

In gansakukar ta fara raguwa za ka ga fosfet ya bayyana a gwaji, domin dutsen da ya sha shi wata biyar zai riƙa sako shi a hankali. A lokacin ne za ka iya sa garin GFO mai kama fosfet, ka fara da rabin abin da aka rubuta. Kar ka bi shi sai ka kai sifili. Ruwan da babu naitiret da fosfet ko kaɗan yana sa murjani ya koɗe, kuma yana buɗe wa dainofilajilet ƙofa, wata yauƙi mai ruwan ƙasa da ke kashe dodon koɗi, wadda ta fi gashin nan wahalar kora. A gwajin ruwa, naitiret tsakanin 2 da 10, fosfet tsakanin 0.03 da 0.1, ya wadatar. Ka sa ran wata biyu zuwa uku kafin duwatsun su yi fes. Bayan mako huɗu ka aiko min da sabon sakamakon gwajin da abin da TDS ya nuna a ruwan bohol ɗin.

Tambaya: Malam, mako uku da kafa tankina sai ga wata ƙura mai ruwan ƙasa ta rufe yashi da gilashi. Na goge ta dawo. In kwashe komai in sake? Daga mai karatu a Jidda.

Amsa: Kar ki kwashe komai, Hajiya. Dayatom ne, wani nau'in gansakuka mai ƙananan ƙwayoyi, kusan kowane sabon tanki yana yin sa. Silikat ɗin da ke cikin sabon yashi yake ci, in ya ƙare shi ma zai tafi cikin 'yan makonni. Ki riƙa goge gilashin, ki yi ciko da ruwan RO/DI. In kuwa kin ga ƙurar ta fara yin zare-zare mai yauƙi da kumfa a bakinsa, tana ɓacewa da dare ta dawo da rana, to wannan ba dayatom ba ne, ki sake rubuto min da hoto.