Hukuncin Kiwon Sauro Da Taɓa Ƙwayoyin Gadonsa Don Bincike

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Gombe. A ɗakin bincikenmu muna kiwon sauro, mu ba shi jini, sannan mu fede matan mu duba yadda ƙwai ke girma. Burinmu mu gano ƙwayoyin gadon (wato abubuwan da ke ɗauke da siffofin da halitta ke gada daga iyaye) da in an toshe su sauro ba zai hayayyafa ba. Wani ɗan'uwa ya ce wannan canza halittar Allah ne. Jinin kuma yakan taɓa hijabina. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata, ba a yanke wa abu hukunci sai an san shi, don haka mu fara da abin da masana fannin suka tabbatar.

Macen sauro ce kaɗai ke shan jini, namiji ruwan furanni ya ishe shi, ita ma don ƙwanta take sha. Da jini ya shiga cikinta, ƙwaƙwalwarta ta saki wasu sinadarai, jakar ƙwai ta amsa da wani sinadarin mai suna ekdison, shi kuma ya tayar da ƙwayoyin gadon da ke kwance a kitsen cikinta. Nan take su shiga sarrafa furotin ɗin da ke zama gwaiduwa. Aikin yakan kai ƙololuwa bayan kamar awa 24, cikin kwana biyu zuwa uku ta nemi kwantaccen ruwa, ko kududdufin damina ko gefen fadamun Dadin Kowa, ta zuba ƙwai 50 zuwa 200. Duk wannan tsari a cikin halittar da Allah ya ce ba ya kunyar buga misali da ita, a Baƙara aya ta 26.

Kashe sauro halal ne. Annabi (SAW) ya ba da izinin kashe kunama da ɓera da makamantansu ko a cikin Harami, malamai kuma suka yi ƙiyasin duk mai cutarwa a kansu. Nijeriya kaɗai na ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya, to wace kunama ce ta kai shi ɓarna? Sai dai ku sumar da shi da sanyi kafin fiɗa, don an umarce mu da kyautatawa ko a wajen kisa.

Ayar da ɗan'uwanki yake nufi ita ce Nisa'i 119, kuma tsoronsa na mai kishin addini ne, kada ki raina shi. Amma ayar tana zargin canjin da Shaiɗan ke umarni da shi, irin tsaga kunnuwan dabbobi don gumaka. Da kowane canji haramun ne, da ba a dandaƙe rago ba. Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa babu laifi a dandaƙe tumaki saboda gyaran namansu. In an halatta hana rago haihuwa don nama ya yi daɗi, hana sauro haihuwa don yaro ya rayu ya fi cancanta. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1997, ta halatta irin wannan aiki a kan ƙananan halittu da tsirrai da dabbobi, muddin zai jawo amfani ya kawar da ɓarna.

Inda nake jan burki shi ne sakin irin wannan sauro a gari. A 2018 masu bincike a Landan sun sauya ƙwayar gado guda ɗaya, sauron da ke kejinsu ya ƙare ƙarƙaf cikin zuriya 7 zuwa 11. Keji yana da ƙofa, daji ba shi da ita, kuma sauro bai san iyakar Gombe da Adamawa ba. Abin da ba a iya dawo da shi, ba ɗalibi ko malaminsa ke yanke shawararsa ba. Sai da izinin hukumar da doka ta ɗora wa wannan nauyi, da shaidar amintattun masana cewa amfanin ya rinjayi cutar, da sanin jama'ar wurin. In babu waɗannan, saki haramun ne, domin babu cuta babu cutarwa.

Jinin da kuke ba sauron, in na mayanka ne, najasa ne. A mazhabarmu ba a cinikinsa, ku karɓe shi kyauta, ku biya ladan ɗauko. Ciyar da sauro da shi ya halatta, kamar yadda aka halatta ba kare mushe. Miƙa hannu ga sauron da aka kamo a waje don ya sha jini kuwa ban yarda ba, jefa kai cikin halaka ne.

Hijabinki: ɗigon da bai wuce faɗin dirhami ba an yafe shi, ki yi sallarki. Wanda ya wuce haka ki wanke, kuma ya fi miki sauƙi ki ware hijabi ɗaya na ɗakin bincike. Mushen sauron kansa mai tsarki ne.

Allah ne mafi sani.