Kafin ka yi maganar batir, je ka auna lodinka

Ka tambaye ni wai in mun sayi babban batir, ko za mu rabu da janareta da man dizal a lokeshan, wato wurin ɗaukar fim. Ku yaran yanzu ke nan, kun fi son sayen sabon abu a kan sanin wanda ke gabanku. Wata nawa kana ja mini waya, ka taɓa ɗaukar mita ka maƙala a kebul ka ga amfiya nawa ke wucewa? To ta nan ake farawa.

Mafi yawan man da ake ƙonawa a wurin ɗaukar fim ba haske yake bayarwa ba. Injin da ya fi ƙarfin aikinsa ne ke shanye shi a banza. Janaretan dizal yana son a ɗora masa kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari na ƙarfinsa. A nan lita ɗaya takan ba ka wajen kilowat uku na awa ɗaya, ko ɗan fiye. Da zarar lodi, wato yawan wutar da ake ja daga injin, ya sauka ƙasa da kashi 30, injin ba ya yin zafin da zai ƙone man gaba ɗaya. Sauran ya bi salansa, ya daskare a kan ringi da bakin injekta, sai ka ga baƙin abu kamar kwalta yana ɗiga daga bututun hayaƙi.

Wani furodusa ne ya tuna mini da wannan, ba zan faɗi sunansa ba. An lissafa masa lodi gaba ɗaya, fitilu da motar kwalliya da cajin kyamara, bai kai kilowat 30 ba. Aka ce masa janareta mai kVA 60 ya isa, kVA kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin janareta. Ya ce sam, mai kVA 200 za a kawo, wai kada wuta ta ɗauke jaruma tana tsakiyar kuka. Da dare kuma a bar shi a kunne saboda firji ɗaya, cajoji da fitilun masu gadi, duka bai fi kilowat 3 ba. Injin irin wannan ko babu komai a kansa yana shan kusan lita 5 a awa. Awa goma lita 50 ke nan, dare 18 a jere, lita 900 ta tafi don a sanyaya ruwan sha. Ana cikin mako na uku sai wuta ta fara rawa, farin hayaƙi ya turnuƙe, injin ya mutu ana tsakiyar ɗaukar dare, mutane sama da arba'in suna tsaye cirko-cirko. Da masu haya suka buɗe shi, jikin silinda ya yi santsi kamar gilashi. Kuɗin gyaran kuwa daga ladan sashen wuta mutumin nan ya zaftare shi, yana cewa mu ne ba mu iya aiki ba. Har yau bai biya ragowar ba. Shi ya sa nake sa a rubuta lissafin lodi a takarda, mai kuɗi ya sa hannu.

Yanzu batir ɗin naka. Lambobi biyu za ka duba, yawancinku ɗaya kuke kallo. Akwai yawan wutar da yake ajiyewa, akwai kuma ƙarfin da inbata, na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin wadda kayan aiki ke amfani da ita, ke iya fitarwa a lokaci guda. Lodin daren nan na kilowat 3 na awa goma, batir mai kilowat 40 na awa zai riƙe shi har gari ya waye da ɗan saura. Da safe ka maida masa caji daga janaretan da dama yana aiki, wajen lita 10 za ta yi, kuma injin ya samu nauyin da yake so. Amma ka haɗa masa na'urar sanyaya ɗaki da butar lantarki da na'urar busar da gashi su tashi tare, inbata zai yanke ko da batir a cike yake, domin kwamfuresar da ke cikin na'urar sanyaya ɗaki tana fizgar wuta ninki da yawa a daƙiƙar farko. Ka raba layi: fitilu da kyamara daban, masu zafi da masu sanyi daban. Kuma ka ajiye shi a inuwa.

Fitila ma haka. Ta tangistan, wato mai ƙwai irin na da, zafi take yi fiye da haske, LED kuwa tana ba ka haske ninki huɗu ko fiye a wat ɗaya. Fitilar LED ta SkyPanel S60 ta kamfanin ARRI ba ta cika wuce wat 450 ba. Sai dai LED mai arha tana kyaftawa in an ɗauki hoto da gudun firam mai yawa, kuma tana ɓata launin fata, don haka a gwada ta da kyamara tun kafin ranar aiki. Kuskuren da aka fi yi shi ne a canza fitilu duka zuwa LED, a ci gaba da hayar ƙaton janaretan da aka saba, lodi ya ƙara raguwa, injin ya ƙara shan wahala.

In akwai babban layin lantarki kusa, a nemi izini a ja daga can, mai lasisi ya haɗa. A Landan har akwatin wuta aka kafa wa masu fim a Victoria Park saboda haka. Akwai kuma man HVO da ake yi da tsohon man girki, yana shiga injin dizal ba tare da an canza komai ba in masu injin sun amince, amma ba ya gyara wautar babban inji a kan ƙaramin lodi.

Kada kuma ka ɗauka mu ne manyan masu laifi. Rahoton da aka fitar a Birtaniya a 2020 ya nuna cewa a babban fim kusan rabin hayaƙin daga sufuri yake fitowa, janareta kashi 15 ne. Direban da ke barci a mota da inji a kunne, da wanda ake aika wa da babbar mota don ɗauko kebul guda, su ma a yi musu magana.

Gobe da sassafe ka ɗauki mita da littafi. Kowace awa ka rubuta mini amfiya na kowane ɗaya daga layuka ukun da ke fitowa daga janareta, da litar da aka zuba, har mako guda. In ka kawo, sai mu zauna mu ga girman batir ɗin da ya dace da mu.