Fankar murhun kwal tana kuka tana cijewa: wane mai zan zuba mata?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina sana'ar abinci a Agadez, shekara biyu ke nan da na bar itace na koma gawayin ƙasa, wato kwal. Murhuna yana da fankar lantarki mai hura iska ta ƙasa. Tun shigowar sanyi take wani kuka kamar na ɓera, da asuba kuma ba ta tashi sai na tura farfelar da tsinke. Wani mai gyara ya tsiyaya mata baƙin mai, ta yi shiru kwana shida, yanzu ta fi da lalacewa, injin yana zafi har da ƙauri. Maƙwabcina ya ce in fesa mata man gwangwani, ko in wanke ta da kananzir tana juyawa. In ta tsaya ana cikin girki, ni da yaran aikina sai ciwon kai. Da murhun nan nake ciyar da marayu huɗu, ina tsoron ta mutu mini. Yaya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya marayun, ya sa albarka a sana'a.

Ciwon kan nan ya fi fankar tayar mini da hankali. Kwal ya fi gawayin itace cin iska. Da zarar fanka ta tsaya, wutar ba ta ci sosai, sai ta riƙa fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa. Daga yau, sanyi ko ba sanyi, a buɗe rumfar ta ɓangare biyu, kada wani yaro ya kwana kusa da murhun don jin ɗumi. Wanda ya ji jiri ko tashin zuciya a fitar da shi fili nan take, a kai shi asibiti.

Ita kuwa fankar, abin da kika faɗa alamar bushin ne, wato zoben tagullar da sandar injin take juyawa a ciki, ya bushe. Kukan, da ƙin tashi da asuba, da zafin, duk tushensu ɗaya: sandar injin tana gogar tagulla babu mai a tsakani, kwayil, wato naɗaɗɗiyar wayar cikin injin, yana jan wuta ba ya samun juyi. Ƙaurin da kike ji fentin wayar kwayil ne ya fara dahuwa. Ki cire ta daga wuta har sai an gyara, don in kwayil ya ƙone an wuce maganar mai.

Yanzu ga abin da ke ƙona mini rai. Ba a yin mako ba a kawo mini injin fanka da wannan magana ta kashe ba: wai mai duk mai ne, in dai yana da santsi. Kama da wane ba ta wane, Hajiya. Bushin ɗin ƙananan injinan nan ba dunƙulalliyar tagulla ba ce. Garin tagulla aka matse aka gasa, kusan kashi 20 cikin 100 na jikinsa ƙananan ramuka ne da ido ba ya gani, kamar soso. A bayansa akwai wani tsumma mai aikin lagwani, shi ke riƙe man. In inji ya ɗumama sai mai ya tsattsafo ta ramukan ya jiƙa sandar, in ya huce ya koma ciki. Duk abin da ya toshe ramukan nan ya kashe bushin, ko da an yi masa wanka da mai daga waje.

To, mene ne baƙin mai? Man da mota ta gama da shi ne, aka juye don ya cika da ƙurar hayaƙi da ɓurɓushin ƙarfe. Abin da bakanike ya ga bai dace da injin mota ba, shi wani zai ɗebo a gorar ruwa ya ɗura wa injin da bai kai dunƙulen hannu biyu ba, ya karɓi kuɗi, ya ce ya yi gyara. Shirun kwana shida da kika samu santsin farko ne. Bayan nan dattin ya shige ramukan, ɓurɓushin ƙarfen ya haɗu da tokar kwal da ƙurar hunturu ya zama kamar yashin goge tukunya, yana cin sandar. Ko sabon man mota ma ban yarda da shi ba. Irin su 20W-50 sun yi kauri, ƙaramin inji ba shi da ƙarfin tashi da su a sanyin asuba, kuma an sa musu sinadarin da ke ɗauke datti ya yi ta yawo da shi har matatar mai ta kama. Fankarki ba ta da matata.

Man gyaɗa da man ja sun fi wannan muni, kuma masu sana'ar abinci su suka fi faɗawa ciki don shi ne kusa da hannu. Ke kin san yadda bayan kaskon suya yake yin danƙo in mai ya sha wuta. Wannan danƙon shi zai samu a cikin bushin. Giris kuma bai shiga ramuka, sai ya liƙe bakinsu.

Shawarar maƙwabcinki ita ce za ta iya raunata mutum. Man gwangwani irin WD-40, wanda aka ƙirƙira a Amurka a 1953, an yi shi ne don korar danshi da hana tsatsa, yana kuma kwance noti da ya ciza. Mafi yawansa sinadari ne mai narkarwa da ke tashi da sauri. In an fesa, sai ya wanke ɗan man da ya rage a lagwanin, ya bushe, ya bar bushin ƙayau. Kuma yana kama wuta. Ki duba inda fankar take kai iska: cikin garwashi kai tsaye. Duk abin da aka fesa ko aka zuba tana juyawa, ita da kanta za ta zuƙe shi ta hura wa wuta. Na ga yaron wani mai shayi da ya yi haka da kananzir, wutar ta biyo bututun ta dawo masa, har yau bayan hannunsa bai koma daidai ba. Babba ne ya sa shi, babban da ya ji a bakin wani. Wallahi abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, kowa ya riƙe sukundireba sau biyu ya zama injiniya, yana ba da fatawa a kan abin da bai taɓa buɗe cikinsa ba, wahalar kuma a jikin 'ya'yan mutane take ƙarewa.

Man da ya dace shi ne man injin lantarki mai lamba SAE 20, wanda ba a sa masa sinadarin wanki ba. 3-IN-ONE yana da shi, mai shuɗin gwangwani. In bai samu ba, man keken ɗinki fari tas zai riƙe ki, sai dai ya fi ruwa, don haka za ki fi yawan ƙarawa.

A bari murhu ya mutu ya huce, a zare waya daga soket, a kwance fankar a fitar da ita nesa. In tana da kafasita, wato ɗan ƙunshin da ke taimaka wa inji tashi, kada a taɓa bakin wayoyinsa, yana riƙe wuta ko bayan an cire. A goge farfelar da buroshi, domin tokar da ta taru a gefe ɗaya tana sa ta rawa, rawar kuma tana faɗaɗa bushin. Tunda an riga an zuba baƙin mai, dole a buɗe injin, a goge sandar har ta yi ƙyalli, a wanke bushin da lagwanin, a bar su su bushe sarai. A nan kaɗai kananzir yake da wuri: inji a kwance, nesa da wuta, ba tare da ya taɓa kwayil ba. Sannan a jiƙa lagwanin da sabon mai, a mayar. Nan gaba ɗigo biyu zuwa uku ne a kowane gefe, ta 'yar ƙofar mai da ke saman murfin, gaba da baya. Na baya shi ake mantawa. Kada a ƙara don neman lada, rarar kan kwayil take gangarawa ta tara ƙura. Ga mai girki kullum irinki, duk wata uku, da kuma farkon hunturu.

Kafin a zuba komai, a kama sandar a girgiza ta sama da ƙasa. In tana ƙwas-ƙwas, bushin ya cinye, sai sabo. In an buɗe aka tarar ba bushin ba ne, boris ne mai murfi, wato zoben ƙarfe mai 'yan ƙwallaye a ciki, za ki ga lamba a jikinsa irin 608ZZ, wannan ba a zuba masa mai, canja shi ake yi da mai lamba ɗaya. In kuma sandar tana juyawa sumul da yatsa amma inji yana gurnani ba ya tashi, a gwada kafasita.

Abu ɗaya da masu ƙera murhun nan suke yawan sakaci da shi: in wuta ta ɗauke, zafin garwashi yana dawowa ta bututu ya gasa bushin na gaba. Ki sa maƙeri ya ƙara tsawon bututun kamar taki ɗaya, ya yi masa ɗan marfi da za ki rufe in fanka ta tsaya.

Ga 'yan'uwana masu gyara kuma, ku ji tsoron Allah. Matar da ta miƙo muku injin nan abincin marayu ta miƙo. In ba ka da man da ya dace, ka ce ba ka da shi. In ba ka san bushin ne ko boris ba, ka buɗe ka gani, noti biyu ne ko huɗu. Ke kuma Hajiya, ki sayi man da kanki, ki tsaya a buɗe injin a gabanki, ki ga lagwanin da idonki kafin a rufe.