Rumfar Kwale-kwale: Ta Ƙarfe Ko Ta Bututun Roba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin kwale-kwale na katako mai tsawon mita 6, da shi nake ƙetarar da masu lambu da kayansu daga Gamkalle zuwa ɗaya gaɓar kogin Isa. Na kafa masa sanduna huɗu na ɗaura tamfol saboda zafin rana, amma da damina ta sauka sai ruwa ya taru a tsakiyar tamfol ɗin har sanda ɗaya ta karye. Wani mai walda ya ce in bari ya haɗa mini rumfar ƙarfe. Mece ce shawararku?

Daga wani mai karatu a Yamai.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba raunin itace ne ya karya sandar nan ba, yadda aka shimfiɗa tamfol ɗin a baje ne. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka idan ruwan da ya kwanta ya kai cikin jarka biyu masu lita 25, to tamkar buhun siminti ne aka rataya a saman kawunan fasinjojinka.

Rumfar ƙarfe kuwa ba na ba ka shawarar yin ta, kuma da gaske nake faɗa domin rayuka kake ɗauka. Ƙaramin jirgi yana samun natsuwa ne idan nauyinsa yana ƙasa, duk abin da aka ɗora a sama kuma ƙara masa tangaɗi yake yi. Ka san yadda hadari yake taso mana daga gabas tsakanin Yuni da Satumba, jar ƙura a gaba, guguwa a bayanta, tun kafin ɗigo ɗaya ya sauka. A wannan lokaci rumfar da aka yi wa walda ba ta cirewa, iska ta shiga ƙarƙashinta ta karkata jirgin a tsakiyar kogi, kai kuma ba ka da ta yi.

Abin da ya fi maka shi ne baka irin na tsaikon ɗaki. Ka je kasuwar Katako ka sayi bututun roba na famfo mai kauri milimita 25, da guda mai milimita 32. Ka yayyanka babban guntu-guntu, kowanne kamar taƙi ɗaya, ka ɗaure su a tsaye daga ciki, jikin katakan da ke riƙe da haƙarƙarin jirgin, dama da hagu suna fuskantar juna. Cikinsu za ka zura bakin ƙaramin bututun bayan ka lanƙwasa shi, ka bar kamar santimita 70 tsakanin baka da baka. Daga nan ka miƙa gora doguwa a bisa ƙololuwarsu ka ɗaure da robar tsohuwar taya. Ita ce za ta hana tamfol lotsawa, ruwa ya riƙa gangarewa gefe.

Kada tsayin ya wuce taƙi ɗaya a saman kan mutumin da ke zaune. Tsakiyar jirgin kaɗai za ka rufe, ka bar goshi da baya domin tuƙi, gefuna kuma su zauna a buɗe yadda kowa zai iya fita idan wani abu ya faru, Allah ya kiyaye. Ɗaurin tamfol ɗin ya zama zarge, wanda fizga ɗaya za ta kwance shi da zarar ka hangi ƙura.

Rana tana busar da bututun roba har ya yi ƙamas ya tsage, don haka ka shafa masa farin fenti. Kada ka huda katako a ƙasa da inda ruwa yake kaiwa, kuma duk ramin noti ka cike shi da kwalta. Kafin ka ɗauki mutum ko ɗaya, ka loda buhunan yashi ka gwada jirgin a bakin gaɓa, inda ruwa bai wuce ƙugu ba, a ranar da ake iska.