Ga 'yar'uwar da ta sake kallon Mother India

'Yar'uwa, kin ce kin sake kallon Mother India kin tashi ranki a jagule, kina tambaya ko fim ɗin ne ya tsufa ko ke ce kika canja, kuma ko ya dace ki kunna wa yaranki. Wallahi kamar kin shiga zuciyata.

Muna yara Radha, uwar da labarin yake kanta, kaɗai muke gani. In ta ja garma da kafaɗarta mu yi ta kuka, mu riƙa tsine wa ɗanta Birju don ba ya jin maganar uwa. Da na sake kallo da girmana, kan Sukhilala mai ba da bashi idona ya tsaya. Rufi 500 fa surukar Radha ta ranta don bikin ɗanta, amma dattawan gari suka zauna suka yanke cewa kashi uku cikin huɗu na amfanin gona na Sukhilala ne, kuma duk wannan kuɗin ruwa ne, uwar kuɗi tana nan daram. Dutse ya murƙushe hannuwan Shamu mijin Radha, ya bar gida saboda kunya, ambaliya ta cinye amfani, yara suka girma, bashi bai mutu ba.

Mu ma mun yi namu Sukhilalan a ƙauyenmu. Ba zan kama suna ba, ya riga mu gidan gaskiya. Da bazara baba ya karɓi hatsi a wurinsa, da kaka ya mayar da ninki. Da damina ta ƙi, fadamarmu ta shiga jingina. Baba ya rasu, inna tana cikin takaba mutumin nan ya zo gaisuwa. Ya zauna a zaure, aka kai masa fura ya sha, ya yi doguwar addu'a har muna amsa amin, sannan ya zaro takarda mai dangwalen yatsan baba. Babu wanda ya iya karatun boko a gidanmu lokacin. Kashegari amalanke ta zo bakin rumbu. Ina tsaye ina kallo ana loda damman gero, yana ƙirgawa da carbi a hannu, har yana tambayata ya makaranta. Mutumin da kullum yake sahun gaba! Inna ta sayar da kwanukan jerenta ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa da na zo inda Birju yake haukacewa a kan awarwaron uwarsa da ke hannun mai bashi, sai da na kashe na fita tsakar gida.

Yayanmu ya ɗauki gora zai fita, inna ta ce in ya tsallake ƙofar nan ba ta yafe ba. Gari ya yi ta yaba haƙurinta. Ko mudu ɗaya ba wanda ya aiko.

To abin da ke cina a fim ɗin ke nan. Mehboob Khan ya yi shi a 1957, shekara 10 da samun 'yancin Indiya, yana so matar nan ta zama ƙasar gaba ɗaya, don haka dole ta shanye komai. Ban ce Birju ya kyauta ba, sace Rupa 'yar Sukhilala ranar aurenta zalunci ne, yarinya ba ita ta rubuta takardar ba. Amma a ce dattawan da suka ɗaure wa mai bashi gindi sun tsira da mutuncinsu, uwa kuma ita za ta harbe ɗanta da hannunta? Wannan ya tsaya mini a wuya.

Duk da haka ban iya tsanarsa ba. Nargis da ta fito a Radha ba ta kai shekara 30 ba ta fito a tsohuwa, har ki manta Sunil Dutt da ya fito a ɗanta shi ta aura a 1958. Waƙoƙin da Naushad ya tsara har yau suna sa ni hawaye.

Kada ki kalla ke kaɗai da dare. Yara kuwa ki kunna musu, amma ki raba shi biyu, ya kusa awa uku, kuma barkwancin tsakiya zai gundure su. Ki tambaye su laifin wa, kada ki faɗa musu naki. Kuma don Allah, ke da duk mai karantawa, bashi ko na adashi ne a rubuta, a sa shaidu, ayar tana nan a ƙarshen Baƙara. Kada wanda ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba. In innarki tana raye kuma ta taɓa shan irin wannan, ki tambaye ta tukuna kafin ki kunna a gabanta. Tawa tashi ta yi tun ba a kai rabi ba, ta ce za ta duba tukunya.