Halwa, Bita ko Keɓewa? Amsoshin Tambayoyi Kan Taron Shugabannin Kamfani

Tambaya, daga wata ma'aikaciyar kamfanin sarrafa shinkafa a Kano: Allah ya gafarta Malam, an ɗora mini shirya taron da manyan kamfaninmu za su yi. Za su bar ofis su tafi wani wuri bayan gari, su yi 'yan kwanaki suna tattauna inda kamfani ya dosa. A bakinmu ritirit muke cewa. An ce in rubuta takardar gayyata da Hausa, domin cikin masu hannun jari akwai dattawan kasuwa. Wani ya ce in sa "halwa", wani ya ce "ja da baya". Wanne zan ɗauka?

Malama, ajiye su duka biyun.

"Ja da baya" ya fito ne daga wanda ya buɗe ƙamus ya nemi kalmar Turancin nan ritirit ya ɗauki ma'anar farko da ya ci karo da ita, wato ta fagen yaƙi. A kunnen ɗan kasuwa kuwa, abin da ya ja baya ya lalace ne: ciniki ya ja baya, jiki ya ja baya. Alhajin da ya yi shekara talatin a Dawanau, in ya karanta "taron ja da baya na kamfani", abin da zai fara tambaya shi ne ko lokacin zare kuɗinsa ya yi.

Halwa ta fi kusa, amma tana ɗauke da kaya masu nauyi. Daga Larabci muka aro ta, kuma a ƙasar Hausa an san ta ne a bakin malamai da 'yan ɗariƙa: mutum ya shige ɗaki shi kaɗai, ya rage ci da magana, ya duƙufa ga zikiri na wasu kwanaki, wani har arba'in. Ba a shiga halwa da majigi da ruwan roba da farfesun kaji. Ga kuma ma'anarta ta biyu a fiƙihu, wato namiji ya kaɗaita da macen da ba muharramarsa ba. Kamfanin da ke da daraktoci maza da mata bai kamata ya aika wa gidajensu takarda mai wannan kalma ba.

Kafofin labarai na Hausa sun daɗe suna fama da wannan taro, musamman in gwamnati ta tara ministoci ko kwamishinoni. Sukan ce "taron bita", ko "taron sanin makamar aiki", ko "taron ƙara wa juna sani". Kowanne da gurbinsa. Bita ita ce sake bin abin da aka riga aka karanta ko aka koya, kamar bitar ɗalibi kafin jarrabawa, ko bitar da ake yi wa maniyyata kafin tashi. Akwai mai koyarwa, akwai masu saurare. Sanin makamar aiki na sababbin shiga ne. Ƙara wa juna sani kuwa na masu gabatar da maƙala ne, a yi tafi a watse. Manyanku ba ɗalibai ba ne, ba kuma sababbi ba ne, kuma abin da ake jira daga gare su matsaya ce. 'Yan siyasa suna da tasu, "sun sa labule", amma ita tana warin ƙulle-ƙulle.

Ni dai abin da zan rubuta shi ne taron keɓewa na shugabannin kamfani, in kuma da wuri a takardar a ƙara "domin nazari da tsara gaba". Keɓewa ita ce zuciyar abin: an ware kai daga wayar ofis, da masu sallama, da masu "Oga sa hannu nan". Shi ya sa a 1978 shugaban Amurka Jimmy Carter ya kai shugaban Masar Anwar Sadat da firaministan Isra'ila Menachem Begin can Kam Debid, keɓaɓɓen wurin hutun shugabannin Amurka, suka yi kwana 13 nesa da 'yan jarida kafin a samu abin sa wa hannu.

Da ni za a bi, da "zango" na so. Fataken da ke bin hanyar Gwanja sayen goro sukan yada zango a sauke wa jakuna kaya, a duba na gyarawa, manyan ayari su zauna su yi shawarar hanyar gobe. Babu abin da ya fi wannan kama da taronku. Sai dai kalmar ta riga ta yi aure a wasu gidaje: ga zangon karatu, ga unguwannin Zango a Kumasi da Akara. Ki bar ta ga jawabin buɗe taro, can za ta yi armashi.

Tambaya, daga wani ma'aikacin banki a Kaduna: Malam, "taron shugabanci" za a ce ko "taron jagoranci"? Ko duk ɗaya ne?

Ba ɗaya ba ne, ko da yake yau ana musanya su. Shugaba kujera ce ta ba shi sunan. Da an naɗa shi ya zama, ko ya iya ko bai iya ba. Jagora kuwa ka raba kalmar ka gani: ja, gora. Asalinsa mai riƙe wa makaho sanda yana gaba yana kauce masa rami. Aiki ne ake gani da ido, kuma yaro ma yakan yi wa babba. Ɗan'uwansa shi ne jagaba, mai jan gaban ayari, wanda ya san mashaya da mararraba, alhali madugu uban tafiya shi ke da hukunci. Kalmar ta zama sarauta daga baya. Jagaban Borgu da ake kiran Bola Tinubu da ita ke nan.

To in waɗanda za su zauna kake nufi, taron shugabanni ne. In kuwa abin da za a koya musu kake nufi, horon jagoranci ne. "Taron shugabanci" bai zauna a baki ba, yana kama da taron masu neman kujera.

Tambaya, daga wani mai shirya taruka a Abuja: Ranka ya daɗe, mun rubuta "taron kwana uku", mun kama ɗakuna na dare biyu, baƙi suka ce mun rage musu kwana. Wa ya yi kuskure? Sannan me ake kiran kuɗin da mai wuri ke karɓa tun kafin a zo?

Baƙinka suna da hujja. Bahaushe da dare yake ƙirga tafiya, shi ya sa kalmar barcin dare ita ce kalmar lissafi: kwana. A hira ta yau da kullum ba mai tsanantawa, "kwana biyu" ma na iya zama wata guda. Amma da zarar maganar masauki ta shigo, kwana ya koma asalinsa, wato kai a kan matashi. Taron da aka buɗe Talata da safe aka rufe Alhamis da la'asar wuni uku ne, kwana biyu. In kuma ana son mutane su iso tun Litinin da yamma, wanda shi ne hankali in wurin irin Yankari ne da sai an yi tafiya daga garin Bauchi, to ya zama kwana uku sosai. Ka daina dogara ga adadi kawai. Rubuta ranar sauka da ranar tashi da sunayensu, ka kuma duba kada Juma'a ta faɗo tsakiya a wurin da babu masallaci kusa, ko Lahadi ga abokan aikinku Kirista.

Kuɗin da ake bayarwa tun farko kafin alƙalami ne. A lura da furuci: wasalin gajere ne, daga kafawa, ba "kafin" mai nufin gabanin abu ba. Ɗan abin da ake ajiye wa malami ne ya kafa alƙalami ya fara rubutu, daga nan ya bazu zuwa tela da magini da mai otal.

Wani abu da ban so in wuce: na sha ganin an rubuta "wuri mai zaman kansa" ana nufin wurin da ba kowa ke shiga ba. Mai zaman kansa yana nufin ba na gwamnati ba ne, shi ke nan; otal mai zaman kansa na iya cika da 'yan biki da makaɗa. Abin da kake nema keɓaɓɓen wuri ne. Kuma kada hoton waya ya ishe ka. Zuwa da kai ya fi aike: ka je ka ji ƙarar janareta daga cikin zauren taron, ka buɗe famfo, ka tambayi wa ya kama zauren da ke maƙwabtaka da naku a ranakun.

Tambaya, daga wani sakataren kamfanin sufuri a Katsina: Malam, muna son karin magana da za mu rubuta a ƙyallen da za a rataya a zaure. Mun zaɓi "Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne". Ya dace?

Ma'anarsa ta dace ƙwarai. Duk wanda ya taɓa kallon karon raguna ya ga yadda rago ke takawa baya, ya sunkuyar da kai, sannan ya taho da ƙarfinsa duka. Matsalar a rubutu take. Boko ba ya nuna tsawon wasali, don haka rago mai ƙaho, wanda jam'insa raguna, da rago malalaci, wanda jam'insa ragwaye, ƙwayoyin haruffansu ɗaya. Ka rataya wannan a bayan manyan da suka bar aiki suka tafi wurin shaƙatawa, wallahi kafin azahar direbobinku sun karanta shi ta ɗaya fuskar, hoton kuma ya zaga WhatsApp. A faɗe shi da baki, inda murya za ta raba gardama.

Wanda zan ba ka shi ne shawara ɗaukar ɗaki. Yaran birni da yawa suna faɗinsa ba su san ɗakin da ake ɗauka ba. A ƙauye a ƙasa ake haɗa jinka: a ɗaure tanka, a baibaye da ciyawa, sannan a kira maƙwabta su kewaye ta, kowa ya sa hannu a ƙarƙashi, a ɗaga lokaci guda a ɗora kan ginin. In gefe ɗaya ya yi nauyin hannu sai ta karkace, in wani ya riga saura ɗagawa sai ta zame. Wannan ya fi "hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka" zurfi, domin shi yawan hannu kawai ya ambata, wannan kuwa ya ce ita kanta shawarar aikin gayya ce. Shugaban da ya zo da matsayarsa a aljihu, ya tara mutane su yi masa amin, bai ɗauki ɗaki da kowa ba.

Ga zaman da za a duba kurakuran shekara, babu kamar gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mai wucewa ne ya ga kayan wani sun karkata a kan jaki ya yi magana. Bai nemi ko ƙwaya ba. Ya kamata mai gudanar da zaman ya faɗe shi tun farko, saboda a al'adarmu ƙarami ba ya gyara wa babba a gaban jama'a, kuma manajan reshe zai gwammace ya yi shiru ya ci tuwonsa da ya ce wa shugaban kamfani lissafinsa bai fita ba. Karin magana yana ba shi inuwar da zai fake. Shi kuma na sama a tuna masa cewa babba juji ne, kowa ya zo da shara sai ya zuba. Amma wannan daga bakinsa ya kamata ya fito, in na ƙasa ya faɗa ya zama zagi.

Akwai waɗanda zan hana. "Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi" a zauren da masu hannun jari ke zaune kamar kiran tawaye ne. "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi" gaskiya ne, ya kuma dace da ranar buɗe littafin kuɗi, sai dai bai yi kyan gani a rubuce gaban iyaye mata ba. Na sirrin taro kuwa, a ajiye shi zuwa rufewa: ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Tambaya, daga wata malamar makaranta a Zariya: Mijina ya dawo daga irin wannan taro ya ce "taron tsintsiya" suka yi. Yabo ne ko suka?

Hajiya, suka ce, ya dai yanke rabin ne don kunya. Cikonsa "ba shara". Tsintsiya tarin tsinkaye ce da aka ɗaure don aiki ɗaya, to ga ta an tara, ɗaki kuma yana nan da dattinsa. Kada ki haɗa shi da "tsintsiya maɗaurinki ɗaya", wanda yabon haɗin kai ne. 'Yan zamani suna cewa "taron shan shayi", ma'anar kusan ɗaya, sai dai shi ya fi nuna cewa tun farko ba a yi niyyar komai ba. Ki tambaye shi ko sun fito da takardar matsaya mai ɗauke da sunan wanda zai yi kowane aiki da ranar da zai kawo rahoto. In ya ce sanarwar bayan taro kawai aka karanta aka ɗauki hoto, to bai yi musu ƙazafi ba.