Alhaji, ba WhatsApp ne ya ci kuɗinka ba

Tambayar ta zo ne daga wani ɗan kasuwar albasa a Garwa ta ƙasar Kamaru, mai tura kaya Yawunde da Duwala, wani lokaci kuma Injamena ta Kusseri. Yana da guruf na WhatsApp mai mutum kusan 60: masu saye, direbobi, dillalai, har da manoman da yake sari a wurinsu. Ɗan ƙanwarsa ne ke riƙe da wayar saboda shi ya iya Faransanci. In mai saye ya turo hoton shaidar biya ta Orange Money ko MTN MoMo, hanyoyin tura kuɗi ta waya, sai yaron ya ce a loda kaya. Da kaka ta ƙare ya tarar da giɓin kusan sefa dubu 600. Yana zargin masu kutse, yana tambaya ko ya koma Signal ko Telegram, kuma ko ya faɗaɗa guruf ɗin ya kai mutum dubu don ya mayar da asararsa kafin damina.

Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Na karanta saƙonka har ƙarshe, ban ga inda ka ambaci littafi ba. Ka mayar da guruf littafin cinikinka, sannan ka miƙa wa wani wayar. A nan kuɗinka suka bi.

Tun 2016 WhatsApp ke kulle saƙo daga wayar mai aikawa har wayar mai karɓa, ko kamfanin ba ya iya karantawa a tsakani. Wannan kullin kamar kwaɗon da ke bayan tirela ne, yana tsare kaya a hanyar Ngaundere, amma bai san abin da ake yi da buhuna bayan an sauke su a sito ba. Signal ma haka take kulle nata, sai dai abokan cinikinka na Duwala ba za su sauke sabuwar manhaja don kai kaɗai ba. Telegram kuwa guruf ɗinta ba shi da wannan kullin ma. Duk inda ka koma, in hannun da ke riƙe da wayar bai canza ba, kuma babu rubutu a gefe, baɗi war haka za ka sake rubuto mini.

Ban ce ɗanka ɓarawo ba ne. Ai ko kai ba ka da hanyar sanin haka, kuma abin da ya fi damuna ke nan. Saƙon guruf ba ya zama daram. Wanda ya aika yana iya gyara shi cikin minti 15, yana iya goge shi ga kowa cikin kwana biyu, admin kuma yana iya goge na wani. Akwai wurin da ake kunnawa saƙonni su riƙa ɓacewa da kansu bayan awa 24, ko kwana 7, ko kwana 90. Na san wani mai sayar da gyaɗa a Marwa da ƙanensa ya kunna na kwana 7, ba da mugun nufi ba, wai don waya ta daina cika. Duk bashin da aka ɗauka ta saƙon murya ya bi iska. Da aka zauna gaban dattawan kasuwa aka ce ya kawo shaida, ba shi da ita. Mutanen da suka shekara suna ciniki tare suka rantse ba su san zancen ba, ya haƙura, yau shi da ƙanen ko gaisuwar kirki ba sa yi.

Sai hoton shaidar biya. Hoto ba kuɗi ba ne, Alhaji. Yaron da ya iya waya zai canza suna da adadi a kan tsohon hoto kafin shayi ya huce, kuma hoto ɗaya yana iya fitar da kaya sau biyu in babu mai duba lambar cinikin. A ce buhu yana sefa dubu 20, giɓinka buhu 30 ke nan. A kasuwancin da ake loda tireloli, buhu 30 suna iya zubewa biyu-biyu, uku-uku, ba wanda ya lura.

Daga yau layin da kuɗi ke shiga ya dawo aljihunka, da sunanka a kai, lambar sirrinsa kuma a kanka kaɗai. Kada buhu ya hau mota sai ka duba asusunka da idonka ka ga kuɗin sun ƙaru. Ka sayi littafi mai kauri, ba zai kai sefa dubu biyu ba. Kowace yamma yaron ya karanto maka cinikin ranar, a rubuta rana, suna, buhu nawa, nawa aka biya, nawa ya saura, wane direba. In boko na ba ka wuya, rubuta da ajami, lissafi bai damu da irin rubutun ba. Shi kuma yaron ka yanka masa albashi sananne. Ɗan'uwan da ke aiki ba lada yakan fara biyan kansa da kansa, yana ganin hakkinsa ne.

Littafin yana da wani amfani a gare ka, kai mai kai kaya Injamena. A Chadi an toshe WhatsApp da Facebook daga Maris 2018 har Yuli 2019. Wanda duk lissafinsa ke cikin guruf a lokacin ya ji jiki.

Shi kansa guruf ɗin ka haɗa waɗanda bai kamata su haɗu ba. Kowa a ciki yana ganin lambar kowa. Mai saye a Duwala yana da lambar manominka da ta direbanka, to me zai hana shi tsallake ka? Raba shi. Masu saye su samu nasu, wanda admin kaɗai ke iya rubutu, ka riƙa sa farashi da ranar tashin mota. Direbobi nasu daban. Manoma kuwa ka kira su ɗaya-ɗaya kamar da. Maganar bashi da biya ba ta guruf ba ce, tsakaninka da mutum ce. Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, wato ƙarin lambar sirri da ke tsare asusunka, ka zaɓi lambobi shida da kanka. Lambar da WhatsApp ke turowa ta saƙon waya kuma kada a karanta wa kowa, ko da ya ce daga ƙungiyar 'yan albasa yake kira. Da ita ake ƙwace asusu, a rubuta wa abokan cinikinka da sunanka cewa ka canza lambar karɓar kuɗi.

Zancen mutum dubu kuwa ka ajiye shi. Guruf yana ɗaukar 1024, amma wanda bai iya bin sawun mutum 60 ba, me zai yi da dubu? Waɗanda za su cika shi masu tallan “zuba dubu 50 ka kwashi dubu 100” ne, kuma wanda asara ke ci wa rai shi suka fi nema. Sefa dubu 600 ba ta dawowa a wata guda. A kaka biyu, da ciniki mai rubutu, tana iya dawowa.

Kafin ka karɓi wayar, ka fara zuwa wurin ƙanwarka ka gaya mata tsari kake canzawa, ba tuhuma kake yi ba. Sannan ku zauna da yaron, ku nemi bayanin shige da ficen kuɗin layin a ofishin kamfanin, ku jera shi da hotunan da ke cikin guruf, ɗaya bayan ɗaya, tun daga motar farko ta bana.